Gargaɗi: an sayar mini da ungulu da kan zabo da sunan jitar 1955

Na yi mako uku ina juya wannan magana a raina kafin in iya zama in rubuta ta, domin duk lokacin da na fara sai kunya ta rufe ni in goge abin da na rubuta. Dala 2,240 aka raba ni da su: dala 1,850 kuɗin jita, dala 240 kuɗin aikowa, sai dala 150 na wani tsohon akwati da wasu takardu waɗanda har yau ban sa su a idona ba. Wanda ya karɓi kuɗin ya yi ɓatan dabo, ni kuma ga ni zaune da wata jitar lantarki da na saya a kan cewa wani mai gyaran rediyo ne ya ƙera ta da hannunsa a jihar Ohayo ta Amurka a 1955, alhali da aka buɗe cikinta warin sabon fenti ne ya fara tarbar mu.

Kafin wani ya ce mini ai da na yi bincike, ina so a san cewa ni ba baƙo ba ne a wannan harka. Shekarata goma sha ɗaya ina tara tsofaffin jitocin lantarki ƙirar gida, wato waɗanda wani ya zauna a bayan gidansa da zarto da cizal da magagari ya sassaƙa, saboda ba shi da kuɗin sayen ta kamfani, ko kuma ta kamfanin ma ba ta shiga ƙasarsu. Guda tara gare ni kafin wannan, kuma babu wadda na saya ban ga cikinta ba. Masu yi mini dariya yanzu ba su san wahalar wannan fanni ba. Mai tara jitocin manyan kamfanoni irin su Fender ko Gibson yana da lambar da kamfani ya buga a jikin jita, yana da littattafan da aka jera kowane samfuri da shekararsa, har kaurin wuya da launin fenti an rubuta. Mu masu tara ƙirar gida ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowace jita ita kaɗai ce irinta a duniya, ba ta da 'yar uwar da za a ajiye su gefe da gefe a gwada, kuma irin karkacewar da za ta tona asirin jabun Fender, a wurinmu ita ake kira alamar hannun maƙeri. Abu biyu kawai muke dogara da su, kayan da ke cikin jitar da labarin da ya biyo ta. Mutumin da ya sayar mini ya san haka sarai, kuma ta ƙofofin nan biyu ya shigo mini.

Irin waɗannan jitoci akwai su da gaske, shi ya sa ƙaryar take samun wurin zama. Makaɗin Amurka Les Paul ya haɗa tasa a wajajen 1940 da wani dogon gungumen katako mai inci huɗu kowane gefe, sannan ya manna masa ɓari biyu na gangar wata jitar Epiphone domin ta yi kama da jita a idon jama'a. Brian May da mahaifinsa sun fara tasu a Ingila a 1963, wuyanta daga katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, ɗigon da ke kan wuyan daga maɓallan riga, sifirin ɗinta daga injin babur, kuma da ita ya yi suna a ƙungiyar mawaƙa ta Queen. A Birtaniya, har zuwa 1959 akwai takunkumi a kan shigo da kayan kiɗan Amurka, don haka samari da yawa suka koma yi wa kansu. A Tarayyar Sobiyet matasa sun riƙa kwance kan tarhon titi suna ciro abin da za su yi maɗaukin sauti da shi, wato ɗan na'urar mai maganaɗisu da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya ta mai da ita sautin lantarki. A bayan waɗannan sanannu akwai ɗimbin kafintoci da masu gyaran rediyo da ba wanda ya riƙe sunansu, kuma aikin hannunsu ne nake bi. Labarin kaka mai gyaran rediyo a Ohayo, jihar da ake ƙera maɗaukan sauti na DeArmond a birnin Toledo a wancan zamani, ba labari ne da zai sa mai hankali ya ja da baya ba.

A cikin watan Maris na ga tallar, a wani zaure na masu sha'awar tsofaffin kayan kiɗa. Hotuna shida ne. Jita ce ja mai duhu, fentinta duk ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, maɗaukin sauti ɗaya a lulluɓe da gwangwanin da aka lanƙwasa da hannu, mamurɗai biyu irin na tsohuwar rediyo, da sukurori masu tsaga ɗaya a kai waɗanda duk sun yi tsatsa. Mai tallar ya rubuta cewa kakansa ya rasu, suna kwashe kayan gidan, shi bai san komai game da jita ba, ya dai taso yana jin ana cewa kakan ne ya yi ta. Dala 2,200 ya sa mata. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bai zuzuta ta ba, bai ce wani shahararren makaɗi ya taɓa riƙe ta ba, har ya nuna wani tsagu a bayan wuya ya ce a sani kafin a saya. 'Yan damfarar da na saba gani yabon kayansu suke yi har su wuce gona da iri, wannan kuwa kushe nasa yake yi.

Na yi abin da ya kamata. Na ce ya kwance murfin baya ya ɗauko mini hoton bayan mamurɗin ƙarar sauti. Ga wanda bai sani ba, kamfanonin Amurka masu ƙera wannan ɗan ƙarfe suna buga masa lamba, inda uku na farko ke nuna kamfanin, 137 na CTS ne, 134 na Centralab, 304 na Stackpole, sauran kuma suna nuna shekara da makon da aka yi shi. A shekarun 1940 da 1950 lamba ɗaya tak aka saba ba shekara, shi ya sa jimillar take zama shida, daga baya aka koma ba ta biyu jimillar ta zama bakwai. Minti huɗu bayan na tambaya hoton ya shigo, ɗauke da 304532, wato Stackpole, mako na 32, shekara mai ƙarewa da 5. A ƙasan hoton ya rubuta mini: “Abokina, ga wasu lambobi nan na gani a jiki, ban san me suke nufi ba, ko kai ka sani?”

Wannan tambaya ce ta kayar da ni, kuma ita nake ta maimaitawa a raina har cikin barci. Ko kai ka sani? Na sani mana. Na zauna na rubuta masa doguwar amsa ina koya masa yadda ake karanta lambar, ina gaya masa cewa watan Agusta ne na 1955, har ina taya shi murna cewa labarin danginsu ya tabbata. Ni da kaina na ba shi shekarar. Na koma na karanta tallar daga farko har ƙarshe, babu inda ya rubuta 1955, abin da ya ce shi ne bayan yaƙi, lokacin mahaifinsa yana yaro. Ya ɗana tarko ya bar ni na shiga da ƙafata, ni kuma da na ji daɗin cewa ilimina ne ya tono abin da mai kaya bai sani ba, sai na daina tambaya. Mutumin da ya ce bai san komai game da jita ba ya nemo sukurdireba, ya kwance sukurori shida masu tsatsar shekara kusan saba'in, ya juyo mamurɗi, ya haska shi, ya ɗauki hoto tangaram, duk a cikin minti huɗu. Hoton yana ajiye tun tuni yana jiran wanda zai tambaya. A daren ban ga wannan ba, sai yanzu nake ganinsa ƙuru-ƙuru.

Jitar ta iso bayan kwana goma sha tara, a cikin kwali, babu akwati, babu takardu. Da na jona ta da amfilifaya sai sauti ya fito da ƙarfi da kaifi fiye da duk abin da na taɓa ji daga maɗaukin da aka naɗa da hannu, gabana ya faɗi, amma na ce wa kaina wataƙila kakan gwani ne. Kwana uku na yi ina ba kaina wannan haƙuri.

Na tsallake maganar kuɗin, dole in koma kanta, domin a nan ne mutane suka fi ganin wautata. Bayan na karanta masa lambar, ya ce akwai wani da ya taya dala 2,000, amma ya lura ɗan kasuwa ne mai saya ya sayar, shi kuwa ya fi son kayan kakansa su je hannun wanda ya san darajarsu, don haka ya bar mini a dala 1,850. Sai ya ce in tura ta hanyar da ake tura wa 'yan uwa da abokai kuɗi, wadda babu kariyar mai saye a cikinta, wai don kada a cire masa kaso. Na ƙi. Ina so a rubuta wannan a ajiye, na ƙi, kuma hoton hirar yana nan. Sai ya turo mini bidiyo yana riƙe da jitar, ga sunana da kwanan watan ranar a rubuce a takarda a gefenta, ya biyo shi da wani tsohon hoto baƙi da fari na wani mutum a zaune a gaban teburin gyaran rediyo da jita a cinyarsa. A nan na tura dala 1,850, washegari na tura dala 240. Dala 150 ɗin, a tunanina bayan kwana biyu ne, ko da yake rasit ɗin yana nuna rana ɗaya ce da kuɗin aikowa, kaina ya ɗaure a nan, zan sake dubawa. Cewa ya yi ya hau saman silin ya tarar da ainihin akwatin jitar, a ciki akwai zanen da kakan ya yi da fensir da rasit na shagon kayan rediyo, kuma ba zai iya rabuwa da su kyauta ba saboda 'yan uwansa suna so. Duk mai tara ƙirar gida ya san cewa takarda ɗaya mai kwanan wata ta fi komai daraja a wannan harka, don haka ban ko yi ciniki ba.

Bidiyon ya tabbatar da abu ɗaya, cewa jitar tana nan a hannunsa. Ni damfarar da nake gudu ita ce wadda aka saba, a karɓi kuɗi a kan kayan da babu su, kuma ta wannan fuska na tsare kaina yadda ya kamata. Ban kawo a raina cewa mutum zai zauna ya ƙera jita sukutum, ya tsofar da ita da gangan, don ya ci dala 2,240 ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran amfilifaya da nake kai wa duk abin da na saya, ya fi shekara arba'in yana wannan aiki. Ya kwance sukuru na farko, ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, sannan ya buɗe murfin ya kai hancinsa. Ya ce, “Ɗana, nawa ka ce ka biya?” Na ce, “Baba, ka dai faɗa mini abin da ka gani.” Bai ƙara tambayata ba, ya riƙa ciro abu yana ajiyewa a gabana. Kan sukurorin ne kawai ya yi tsatsa, jikinsu da ke cikin katako fari ne fes, alamar an jiƙa kawunan a ruwan tsami ne, kuma waɗanda suka riƙe maɗaukin sauti awon milimita ne, alhali Ba'amurke a 1955 awon inci zai tarar a kanti. Wayar da ke bakin murfi, wadda ta fito a hoto, mai rigar zare ce irin ta da, amma da aka bi ta zuwa ciki sai ga ta an haɗa ta da waya mai rigar roba. Ramin da aka fafe a gangar jikin santsi ne sumul, kusurwoyinsa duk awo ɗaya, babu sawun cizal ko ɗaya, aikin injin da kwamfuta ke sarrafawa ne, an shafa masa wani baƙin ruwa iyakar inda idon kyamara zai kai.

Da ya ɗaga gwangwanin da ya rufe maɗaukin sauti, sai ga wasu ƙananan maganaɗisu masu ƙyalli kamar sababbin kwabbai. Niyodimiyam ne, wanda ba a ƙirƙiro shi ba sai a farkon shekarun 1980, kuma shi ne sirrin ƙarfin sautin da na ji. Mai aiki a 1955 maganaɗisun da ake kira alniko zai samu, ko ya ciro tsohon maganaɗisu daga lasifika ko wani inji. Fentin ma Baba bai ƙyale shi ba. Fentin naitiro da aka saba amfani da shi a wancan zamani, idan ya tsufa, yana ba da wani haske kore-kore a ƙarƙashin fitilar nan da ake gane jabun kuɗi da ita, kuma ɗigon asiton, sinadarin goge fentin farce, yana narkar da shi nan take. Wannan bai ba da hasken ba, asiton kuma ya bushe a kansa bai yi masa komai ba. Tsattsagewar da ta burge ni a hoto, da muka sa gilashin ƙara girma, kowane layi zurfinsa ɗaya da na kusa da shi, an ja su ne da reza aka cusa musu datti. An goge fentin a wuraren da hannun makaɗi ba ya taɓawa, ƙarafan da ke kan wuya kuwa, inda tsirkiya take ci in dai an yi kiɗa da jita, ko ƙwarzane babu. Na ƙarshe shi ne da ya cire wuyan, ya tarar da guntun kwali da aka cusa a ƙasa don a daidaita shi, a jikin kwalin akwai rabin zanen layukan nan da ake haskawa a kanti wajen biyan kuɗi, abin da ba a fara amfani da shi a kantunan Amurka ba sai a 1974.

Mamurɗin kuwa na gaske ne, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Stackpole ne, 304532, babu ƙarya a jikinsa. Sai dai a kan ƙafafunsa akwai tsohuwar dalma da guntayen wayoyin da aka datse waɗanda ba su zuwa ko'ina, an ɗora sabon liƙi a kansu. Daga cikin wata matacciyar rediyo aka ciro shi. Ni da bakina na sha gaya wa sababbin shiga cewa lambar mamurɗi shekarar mamurɗin kawai take faɗa, iyakar abin da za ta nuna shi ne ba a haɗa kayan wutar jitar kafin wannan lokaci ba, amma ba ta hana a ce jiya aka haɗa su. Na san wannan kamar yunwar cikina. Da shi ne ya ce mini jitar ta 1955 ce ga hujja, da na nemi hoton liƙin dalma, da na ce ya ɗaga murfin maɗauki, da na ce ya cire wuya. Da yake ni na furta shekarar, sai na koma ina kare ta maimakon in tuhume ta. Ko kai ka sani? Kalma huɗu, dala 2,240.

Na rubuta masa a daren da muka buɗe ta, a'a, washegari da safe ne, domin a daren hannuna rawa yake yi. Da farko ya amsa cikin ladabi, ya ce wataƙila kakan ya yi mata gyara a shekarun 1980, akwatin kuma yana hanya a wani kwali dabam. Wannan amsa ta kusa sake kama ni, domin gaskiya ne ana canza wa tsofaffin jitoci maɗauki da waya. Amma gyara ba ya sake fafe gangar jiki da inji, ba ya jan tsagu da reza. Da na tura masa hoton kwalin da na jikin sukurorin, sai ya toshe ni, kafin azahar shafinsa ya ɓace gaba ɗaya. Kamfanin da na tura kuɗin ta hannunsu sun gaya mini abin da na riga na sani, cewa hanyar da na zaɓa ba ta da kariya, kuma ban ga laifinsu ba. Tsohon hoton kakan, da na saka shi a manhajar binciken hoto, sai ya fito a wani shafin sayar da tsofaffin hotuna, kuma da na dube shi da idon basira, hannun mutumin ya rufe kusan duk gangar jitar, ja ce ko fara ba mai iya cewa tunda hoton baƙi da fari ne. Tun da na fara yin maganar a ɓoye, mutum biyu sun same ni. A wurin ɗaya kakan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a wurin ɗayan kawu ne ya rasu, sunan mai tallar dabam-dabam, amma dukansu an tura musu hoton bayan mamurɗi tare da tambayar ko sun san ma'anar lambobin.

Wani abokina ya ce kwaɗayi ne ya ja ni, wai na ga banza na rufe ido. Ban yarda ba. Dala 1,850 ba araha ba ce ga jitar da ba ta da suna, ban saye ta don in sayar ba, kuma na yi tambayoyin da mutum tara cikin goma ba za su yi ba. Abin da na yarda da shi shi ne na so labarin ya zama gaskiya, kuma na ji daɗin a ce ni ne masani a cikin hirar.

Ga masu saye, kada ku tura kuɗi ta hanyar da ba ta da kariya ko da an rage muku rabi. Kada ku karanta wa mai kaya lamba, ku bar shi ya faɗi shekarar da bakinsa a rubuce. Ku nemi bidiyo ana kwance jitar a gabanku, a ga jikin sukuru da liƙin dalma da ƙasan maɗauki da ramin wuya. Wanda ya ƙi, ku bar masa kayansa.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit guda uku, da bidiyon mai ɗauke da sunana, da hotunan duk abin da Baba ya ciro. Zan saka su da zarar na gama rufe adireshina da lambar asusuna, kuma sauran mutum biyun sun ce za su ba ni nasu in haɗa. Duk wanda aka taɓa tura wa hoton mamurɗi aka tambaye shi ko ya san ma'anar lambobin, ina roƙonsa ya neme ni, ya gaya mini lambar da ke jikin nasa da nawa aka karɓa a hannunsa.